Ranar da Balbelun Hasana Suka Nutse

Saƙon murya ne, gajere kuma, abin da ba a saba samu daga bakin Ɗan Azumi ba. Nusaiba ta saurare shi a zauren gidan matasa na Madarumfa, waya manne da kunne, sauran 'yan ajin suna wanke buroshi a bokiti.

"Nusaiba, Maradi ta riƙe ni, ba ni dawowa sai Juma'a in Allah ya yarda. Bernisaj ɗin nan a hannunki na bar shi. Ki tsaya a yi shi da kyau, kar a ba mu kunya ran Asabar."

Ta sake saurara. Kalma ɗaya ce ba ta sani ba a ciki, kuma a kanta aikin duka ya rataya.

Ɗan Azumi ɗan garin ne, ɗan masunta, wanda ya ajiye koma ya kama zane. Ya yi Yamai, ya yi Dakar, ya dawo da tabarau da wata malafa da ba ya cirewa ko a inuwa, da Faransanci mai yawa da yake barbaɗa wa Hausarsa kamar yaji. Da ya ce zai koyar da zane kyauta, mutanen gari suka ɗauka furoje ya kawo, wato shirin ƙungiyar agaji, irin wanda ake raba riguna a ɗauki hoto a watse. Da aka ga babu riga babu abincin rana, sai masu wayo suka janye, aka bar shi da 'yan lise kaɗan, ɗaliban sakandare, waɗanda ba su da inda ya fi nan. Su suka zauna, kuma abin mamaki, suka yi aiki.

Abin da suka yi tun ƙarshen damina ƙyalle ɗaya ne, akoko mai tsawon bangon zauren, aka zana tabkin Madarumfa a kansa daga gaɓa zuwa gaɓa. Ɗan Azumi ya hana a sayi fenti ko gwangwani guda. Jar ƙasa daga hanyar Safo, laka daga bakin ruwa, kunkunniya daga gindin tukunya, shuni daga wajen marina, da farar ƙasa, duk a daka a tankaɗe a kwaɓa da ruwan ƙaro. Masuntan da ke cikin zanen duk sun juya baya, don an yi da iyayen yara ba za a zana fuskar ɗan Adam ba, shi ya sa tabkin ya fito kamar wurin da kowa ke fushi da mai kallo. Wata doka kuma ya kafa musu tun ranar farko: aikin na kowa ne, ba a rataye shi sai duk wanda ya sa hannu a ciki ya ce a rataye. Ran Asabar kuwa za a buɗe ƙofa, iyaye su zo, mutanen meri, ofishin magajin gari, su zo, da wasu masu zane daga Maradi.

Kowa da rabonsa a ƙyallen. Mahaman, dogo mai yawan surutu, shi ya yi jirage. Nusaiba ta yi ruwa. Hasana ta yi balbelu.

Hasana 'yar Safo ce, tana zaune gidan gwaggonta don karatu, karatun kuma bai karɓe ta ba. Ta maimaita aji, malamai sun daina kiran sunanta don kada su wahalar da kansu. Amma in ta tsoma tsinke a farar ƙasa, ja kaɗan take yi sai ka ga tsuntsu ya tsaya da ƙafa ɗaya yana jiran kifi. Ta cika gaɓar gabas da su, wasu a kan gawo, wasu a bayan shanu, wasu sun tashi. Wannan ne abu na farko da aka taɓa cewa ta fi kowa a kansa, kuma ta ji an faɗa.

Ita kuwa Nusaiba, ita ce ta ɗaya a Faransanci tun tana ƙaramar lakwal, wato firamare. Wanda ya saba zama na ɗaya yakan kamu da wata cuta: bakinsa ya manta yadda ake cewa ban sani ba. Waya na hannunta, kiran Ɗan Azumi bai fi ƙarfinta ba. Amma kafin ta kai ga tunanin tambaya, amsa ta zo mata da kanta, tsaf, irin amsar da ke sa malami ya ce a tafa. Labaj wanki ne, kowa na ganinsa a rubuce inda ake wanke moto. Rapasaj guga ne. To bernisaj fa? Ai shafa berni ne, man nan mai ƙyalli da kafintoci ke shafa wa gado da kabad. Zane na ƙasa ne, yana iya zuba, dole a rufe shi kafin jama'a su zo su taɓa. Komai ya zauna daidai, har ta ji daɗin kanta.

Hasana ta ɗago daga kan bokiti, ta tsokane ta da sunan shugabar makaranta. "Mi ya ce, Madam Direktiris?"

"Ya ce mu shafa ma zanen berni kafin Asabar."

"Berni? Na gado?"

"Na gado, na zane, duk ɗaya ne. Haka ake yi a Turai. Shi ke hana launi zuba."

"Ni dai ban taɓa jin ya faɗa ba."

"Da Faransanci ya faɗa."

Hasana ta mayar da kai ga bokitinta. An taɓa ta inda ba ta da ƙarfi.

Da la'asar Nusaiba ta bi ta shagon kawunta Shu'aibu, kafinta a bayan kasuwa, ta same shi yana goge ƙafar kujera.

"Kawu, berni nike so."

"Ikon Allah. Gadon aure aka kawo ba a gaya mani ba?"

"Kai, Kawu. Na zanenmu ne, wanda za a nuna ran Asabar."

Shu'aibu ya ji daɗi ƙwarai da jin kayan shagonsa za su shiga gaban mutanen meri. Ya ɗauko gwangwanin da ya rage masa daga wani aiki, da faffaɗan buroshi, ya ƙi karɓar komai.

"Ki shafa da kauri, 'yata. Kar a ce kayan Shu'aibu ba su ƙyalli."

Makon hutu ne, don haka ran Alhamis da hantsi suka shimfiɗa ƙyallen a ƙasan zauren, ita da Mahaman. Hasana ba ta zo ba, gwaggonta ta tsare ta da surfe. Nusaiba ta ɗaure hijabi a baya, ta durƙusa ta gefen gabas don shi ya fi kusa da ƙofa, ta tsoma buroshi.

Shafar farko ta yi kyau, kyan da ya isa ya ruɗi wanda ya fi ta. Jar ƙasa ta yi zurfi kamar an yi mata ruwan sama. Shunin da ta yi wata da watanni tana fama da shi, yana fitowa fari-fari kamar tsohon zanen ɗaurawa, ya tashi ya zama ruwa na gaske, har hasken taga na wasa a kansa.

"Kai!" in ji Mahaman. "Yau tabki ya cika. Ke Nusaiba, ashe boko na da rana."

Ta ci gaba. Buroshin ya hau gawo, ya bi ta kan balbelar farko, sai balbelar ta dushe. Ta biyu ma haka.

"Tsuntsayen hwa?" in ji Mahaman.

"In ya bushe za su dawo. Ba haka farar ƙasa take yi ba?"

Haka take yi kuwa. Duk sun sani: in ka shafa ta da ruwa toka-toka take fitowa, sai ta sha iska ta yi fari. Mahaman ya gyaɗa kai. Nusaiba ta bi gaɓar gabas kaf, da kauri kamar yadda kawu ya ce, har gwangwani ya ƙare a tsakiyar tabki. Suka buɗe tagogi, suka ja ƙofa, suka tafi da ciwon kai.

Ran Juma'a da safe ita ta fara zuwa. Berni ya bushe, sai ɗan danƙo a inda ya yi kauri. Rabin tabkin na ƙyalli kamar sabon kabad, rabi na nan yadda yake, a dushe, cikin natsuwa. Balbelu ba su dawo ba. Inda kowace take sai wata inuwa, irin tabon da ƙosai ke bari a takarda. Man ya shige cikin farar ƙasar ya cinye farinta. Nusaiba ta tsaya ta jira, kamar jira zai ƙara wani abu, har ta ji takun Hasana a bayanta.

Hasana ba ta yi ihu ba. Ta cire takalmi, ta tsuguna a bakin ƙyallen, ta sa yatsa a kan wata inuwa.

"Ina suke?"

"Bai gama bushewa ba."

Hasana ta duba yatsanta, babu abin da ya biyo shi. Ta tashi ta ɗauko kaskon farar ƙasa, ta zuba ruwan ƙaro, ta dama, ta ɗauki tsinkenta ta ja wuyan tsuntsu a kan inuwar. Farar ƙasar ta ƙi zama, ta dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar raɓa a ganyen kabewa. Ta goge, ta sake, haka. Sai ta wanke tsinken a hankali, ta soke shi a ɗankwalinta, ta sa takalmi.

"Ban yarda a rataye ba," in ji ta, ta fita ta zauna a gindin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidan.

Bayan an sauko Juma'a kabu-kabu ya sauke Ɗan Azumi da kwalin biskit a hammata. Wari ne ya fara tarbarsa.

"Wa ya buɗe shagon kafinta a nan?"

Ya shiga, ya tsaya. Ya ajiye kwalin. Ya cire malafar, abin da yaran ba su taɓa gani ba, sai ga sanƙo.

"Bernisaj ne, Malam," in ji Mahaman. "Rabi muka yi, berni ya ƙare."

Ɗan Azumi ya dubi ƙyallen, ya dubi Nusaiba, ya daɗe.

"Nusaiba. Mi kika ɗauka bernisaj?"

Ta riga ta gane daga muryarsa cewa ta yi kuskure.

"Buɗe taro ne, 'yar nan. Ranar farko da ake nuna zane. Tabarmi, kujeru, ruwan sanyi, wanda zai yi ma baƙi sannu da zuwa. Shi na ce ki tsaya a kai."

"To, Malam," in ji Mahaman, yana sosa ƙeya, "mi ya hana a ce buɗe taro?"

Ɗan Azumi ya gyara murya. Sannan ya yi abin da masu ilmi ke yi in ba su da magani, ya shiga ba da tarihi. Ya ce a zamanin da, a ƙasar Faransa, masu zane kan zo jajibirin nuni su shafa wa aikinsu man ƙyalli, abokai na tsaye suna kallo suna hira, har ranar ta ci sunan man. Daga baya aka bar shafawar, sunan ya zauna. Wato Nusaiba ba ta yi kuskure a nahawu ba, ta dai makara da shekara ɗari da wani abu. Babu wanda ya yi dariya. Tarihin bai mayar da tsuntsu ko ɗaya ba.

Ya zaga ƙyallen, ya tsuguna, ya kankara da farce. Ya ce a yanke rabin gabas a rataye na yamma. Mahaman ya ce jiragensa masu kyau duk a gabas suke, in an yanke shi ma bai yarda ba. Ya ce to a aika garin Ɗan Issa wajen masu fentin kamyo, manyan motocin kaya, a samo farin fenti na mai, shi zai kama kan berni. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, don dokarsa ce yake takawa. Daga gindin dogon yaro muryar Hasana ta shigo ta taga.

"Fentin kamyo bai bin tsinke, Malam. Na gwada a gidan gwaggo, gudu yake. Ba ni zana kaji in ce balbelu ne."

Ɗan Azumi ya mayar da malafarsa.

"Shi ke nan. Doka ni na kafa ta, ba ni karya ta don baƙi. In Hasana ba ta yarda ba, gobe bango zai kwana wayam. Su zo su ci biskit su kalli siminti."

Ya fita neman kujeru, don ko ba zane, mutanen meri ba su tsayuwa.

Nusaiba ta zauna ita kaɗai da warin. Ta lissafa waɗanda za su zo: babanta, kawu Shu'aibu da zai sa babbar riga don ya ga ƙyallin kayansa, iyayen sauran yara da aka yi ta roƙo su bar 'ya'yansu su yi wasa da laka. Duk za su tarar da bango, su tambaya, a nuna ta. Aikin mutum nawa, ita ta rufe shi da hannunta, da kauri. Ta tashi ta fita.

Hasana na zaune tana karya busasshen ganye. Nusaiba ta tsaya, ta ga tsayuwar ba ta dace ba, ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Hasana."

"Na'am, Madam."

"Ban san kalmar ba."

Hasana ta juyo. "Mi kika ce?"

"Na ce ban san ta ba. Ban taɓa jin ta ba sai ranar nan."

"Mahaman!" Hasana ta ɗaga murya. "Zo ka ji abin da ba a taɓa ji ba a Madarumfa!"

"Ina ji daga nan," in ji Mahaman daga bayan zauren. "Na rubuta ranar."

Nusaiba ta sunkuyar da kai ta bari. Hasana ta ci gaba da karya ganye. Can ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Na ce maki ban taɓa jin ya faɗa ba. Kika ce da Faransanci ya faɗa."

"Na faɗa."

"Kin san abin da kike nufi."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Wata akuya ta zo ta leƙa zauren, warin ya kore ta. Hasana ta bi ta da kallo, ta zare tsinken daga ɗankwalinta tana juya shi.

"Ƙyallen ya yi tauri?"

"Kaɗan. Kamar tanti."

"Allura za ta shige shi?"

Nusaiba ta ɗago. Hasana kan taya gwaggonta ɗinkin matasan kai na amare, tana yanka furanni tana ɗorawa, kowa ya sani, babu dai wanda ya taɓa ɗaukar wannan a bakin komai.

"Za ta shiga," in ji Nusaiba da sauri. "Akoko ya rage, bari in ɗauko."

"Akoko ba fari ba ne. Balbela fara ce tas." Hasana ta dube ta sama da ƙasa. "Farin hijabin nan naki, na Katsina, da kika ishe mu da zancen gobe za ki sa shi. Je ki ɗauko."

Ko sau ɗaya Nusaiba ba ta sa shi ba, yana cikin leda a ƙasan akwati.

"Duka?"

"Tsuntsayen da kika nutsar rabi ne?"

Ta je ta ɗauko. Hasana ta aika gidan gwaggo aka kawo almakashi da allurai da farin zare. Ta shimfiɗa hijabin a kan tabarma, ba ta zana komai a kansa ba, ta dai sa almakashi tana juya yadin, sai ga wuya, sai ga fiffike. Nusaiba ta kalli yankan farko, daga nan ba ta sake kallo ba, ta kama zura zare a allura tana miƙawa. Sauran yaran suka dawo ɗaya bayan ɗaya da suka ji labari, aka zagaye ƙyallen. Hasana ke ɗora kowane tsuntsu a kan inuwarsa, mai allura ya bi. Mahaman ya soki yatsa ya yi ta salati kamar an yanka shi.

Ɗan Azumi ya dawo da amalanken kujeru ya same su haka. Ya tsaya a ƙofa ya dubi farin yadin, yadin kanti, mai santsi, wanda bai taɓa ganin bakin tabki ba. Ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa.

"Malam," in ji Hasana, allura a baki, "da Hausa za ka faɗa ko da Faransanci?"

Ya sauke yatsan. Bayan ɗan lokaci ya tsuguna ya ce a ba shi allura shi ma.

Magariba ta tashe su, suka ƙarasa ran Asabar da sassafe. Hijabin bai kai ya biya duka ba. Balbelun sun ragu, waɗanda ke bayan shanu sun tafi ke nan, inuwarsu kawai ta rage. Amma waɗanda aka ɗinka sun tashi daga jikin ƙyallen, gefen fiffikensu na motsi in iska ta shigo, fari tas a kan ruwa mai duhu.

Yara suka tsaya riƙe da igiya da ƙusoshi. Hasana ta bi gaɓar gabas a tsugune, tsuntsu bayan tsuntsu, tana ja da yatsa. Ta tsaya a kan ɗaya.

"Wagga wa ya ɗinka?"

"Ni," in ji Nusaiba.

"Wuyanta ya karye. Warware."

A waje an fara jin sallamar masu zuwa da wuri. Nusaiba ta durƙusa ta warware, ta sake ɗinkawa a hankali, Hasana na tsaye a kanta. Da ta cije zaren, Hasana ta duba, ta ja da baya har bangon ƙarshe, ta harɗe hannu ta daɗe tana kallo.

"A rataye," in ji ta.

Suka ɗaga gaba ɗaya. Gefen gabas ya fi nauyi, kuma nan Nusaiba ta kama, danƙon na manne mata a tafin hannu. Mahaman ya hau kujera da guduma.

"Ɗaga naki gefen," in ji Hasana daga baya. "Ya karkace."

Nusaiba ta yi ɗage ta ɗaga.